Maganin Gajiya

Tun kafin a kai ni ɗakinsa nake tsoron ganga. Ba gangar biki ba, gangar noma, wadda makaɗa ke bin manoma da ita ranar gayya. A wata gayya na fara ganinsa, a garinmu Sanyinna. Ya zo daga Fakku taya kawunsa noma, mu kuma 'yan mata muna kai ruwa da fura bakin gona. Da makaɗi ya matso bayansa ya kama yi masa kirari, sai na ga fuskarsa ta sake. Idonsa ya daina ganin mutane. Ya duƙa da hauya, bai ɗago ba sai da ya fita ƙarshen kuyya, sauran samari suna can baya suna haki. Mata na ta guɗa. Na ce a raina, mutumin da fata da icce ke juyawa haka, ranar da wani abu mai ƙarfi ya kama shi, wa zai ƙwace shi? Ban faɗa wa kowa ba. Wa zai saurari yarinyar da ke tsoron mijin da kowa ke taya ta murnar samu?

An yi aurenmu shekarar da anka ce an samu mulkin kai. Mu dai a Fakku ba mu ga abin da ya sake ba, sai wata 'yar tuta da anka kawo daga Kebbe anka soke a dangar maƙwabtanmu, akuya ta cinye rabinta. Gidan da anka kai ni ba mutane: shi ne da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, 'yan'uwansa mata duk suna gidajen aurensu.

Mutumin kirki ne, ina so a san wannan tun yanzu. Kuma mutum ne mai cin abinci. Yakan share akushi har ya bi gefe da yatsa, sannan ya ce matan Sanyinna rowar daddawa gare su, in ce ai mazan Fakku ne ba su da ƙasan ciki. Inna na jin mu daga ɗakinta, ta yi kamar ba ta ji ba.

Bayan na haifi 'yar fari, da anka gama girbi, ya bi samarin gari cin rani Kurmi, can ƙasar kudu. Ya komo gab da faɗuwar ruwa da atamfa tawa, da mayafin Inna, da fitila, da wata 'yar batta irin ta masu taba. Ni na buɗe ta ina gyara masa kaya. Wasu 'yan ƙwayoyi ne farare a ciki, ba su kai ƙwayar wake ba. Ya ce maganin gajiya ne, na Turawa, 'yan dako na can shi suke sha su yini ɗauke da buhu ba su ji komi ba. Ya faɗa yana dariya, kamar mai nuna sabon takalmi.

Daminar nan sunansa ya tafi. Ba gayyar da za a yi, daga nan har ƙauyukan da ke bayan Kebbe, ba a aiko masa da goro ba. Makaɗa sunka yi masa takensa shi kaɗai. Mutane na cewa laya ya samo wurin wani malami a Kurmi, shi kuma ya bar su da zancensu. In na je rijiya mata su ce, ga matar zaki, ki ce da shi ya rage wa mazanmu abin yi.

Ni abin da nake gani daban ne. Furar da nake kai masa gona, haka nake komowa da ita, ko ludayi bai jiƙa ba. Tuwon dare in na buɗe akushi da safe, sai in ga gurbin yatsu a wuri guda, shi ke nan. Muƙamuƙinsa kullum yana motsi kamar akuya mai tuƙa, alhali ba komi a bakinsa. Leɓɓansa sunka bushe. Ga surutu. Mutumin da da sai ka ja shi da magana, yanzu shi ke faɗin shanun noma da zai saya, da kwanon da zai rufa wa ɗakin Inna, da Makka da zai kai ta, yana yi yana kaɗa ƙafa. In gari ya waye sai in tarar an share tsakar gida, an ɗaure danga, an kwashe itacen girki daga nan an kai can, an kuma maido shi. Wurin kwanciyarsa ko lotsawa bai yi ba.

Inna ta lura da akushin, amma ni ta duba. Ta fara tsayawa kan tukunyata, ta ce kuka ta yi yawa, gobe ta ce gishiri ya yi kaɗan. Ran nan ta karɓi muciya ta tuƙa da kanta. Nata ma haka ya komo. Sai ta ce zafin aiki ne, namijin gaske ba ya zama kan tuwo da damina, ubansa ma haka yake.

Ba a ɗaukar maganar miji a kai wa uwarsa, haka anka tarbiyyantar da mu. Tawa uwar kuwa tana can Sanyinna, ba wurin da mace mai goyo za ta ce bari in leƙa in komo ba ne. Mutum ɗaya nake da ita, wata Bafulatana mai kawo nono. Ita da mutanenta sukan sauka a gonakin bayan gari in an kwashe amfani, shanunsu su ci kara su bar taki. Ta ɗan girme ni. Ƙawa muke kiran juna. Takan ce dawon Haɓe da dutse ake dama shi, in ce ita kuma rabin nononta daga rijiyarmu ta ɗebo. Da kaka ta yi sunka sauka, na ja ta bayan rumbu na faɗa mata komi. Ita ce ta farko da na buɗe wa baki.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce sun san abin, masu kora shanu Kurmi a ƙasa suna sha don kada barci ya ɗauke su a hanya, ta kuma ga yadda wasunsu sunka ƙare. Na tambaye ta makarinsa. Ta gyara faifan kan ƙwaryarta.

“Ƙawa, ba shi da makari. In bai samu ba, shi ne makarin.”

Da rani battar ta ƙare. Ya yi kwanaki yana kwance yana faɗa da kowa, har da kaji, sannan a hankali ya komo mutum. Kumatunsa sunka ciko. Bai je cin rani ba shekarar nan, na yi ta godiya ga Allah, ina cewa Kurmi ta yi nisa, abin ya wuce. Ashe ƙwayar ta riga ta iso mu. 'Yan koli sun fara kawo ta kasuwar Kebbe, tana nan cikin tire tsakanin allura da sabulu da madubi, kowa ya zo a ƙulla masa a takarda. Kafin ruwan farko Fulani sunka tashi, don ba a zama da shanu kusa da shuka. Ƙawata ta tafi daidai lokacin da battar ta sake cika.

A wannan daminar ina da na biyu, namiji, ya fara rarrafe. Wata ranar Juma'a da hantsi ina tankaɗe a ƙofar ɗaki, sai na ji yaron ya yi shiru. Uwa ta san irin wannan shirun. Na leƙa, na gan shi zaune gefen tabarmar ubansa, yana kai wani farin abu baki. Ban san lokacin da na watsar da rariya ba. Na sa yatsa na zaƙulo ƙwayar daga kan harshensa, ta fara jiƙewa. Na wanke masa baki, na ba shi nono, na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ba abin da ya same shi, Allah ya tsare.

Da maigidan ya tafi masallaci na ɗauko battar daga aljihun tsohuwar rigarsa, na je bayan gida na juye ta duka a masai. Na maida battar inda take.

Ya komo ya shiga ɗaki. Ina jin sa yana ɗaga tabarma, yana zazzage riguna, yana ture tukwane. Sannan ya fito da battar a buɗe a hannunsa.

“Ke, wa ya taɓa min wagga?”

“Ni ce. A bakin yaro na ciro ɗaya.”

Ya ɗaga hannu. Bai taɓa duka na ba, ranar ma bai yi ba. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauko, ya zauna kan turmi. Ya dubi yaron, ya dube ni.

“Kin kashe ni,” ya ce. “Ga gayyar maigari tafe.”

Kasuwa ba ta kusa ci ba, kuma ba shi da ƙarfin da zai kai kansa ko'ina. Ya kwanta ya yi barci irin wanda har sai da na riƙa kai hannu kusa da hancinsa. Da ya farka ya ce yunwa. Na tuƙa tuwo ya cinye, ya nemi ƙari, ya nemi ƙanzo. Ya sha fura har tana bin gemunsa. Wani lokaci sai in ga hawaye na zubo masa ba dalili, in na tambaya ya ce shi ma bai sani ba. Kunya nake ji in faɗa, amma kwanakin nan da yake kwance yana kuka, su ne kwanakin da na fi jin daɗi tun da ya komo daga Kurmi. Ina daka ina 'yar waƙa. Mijina na cin abincina.

Amma lokacin maimai ne, ciyawa ta fara haɗiye gero. Inna ta ga ɗanta, wanda duk ƙasar ke kira, yana kwance tsakiyar damina kamar tsumma. Ta ce sammu ne, wani wanda ya sha kaye a gayya ne ya yi masa. Ta karɓo rubutu ya sha, ta yi masa hayaƙi, ta binne abin da anka ba ta a ƙofar gida. Bai tashi ba. Tana zaune a kansa tana masa fifita, sai na ji ya ce mata da 'yar murya, akwai maganin da ke tada shi, a Kebbe ake samu.

Inna ta yi shekaru ba ta je kasuwa ba saboda ciwon gwiwa. Ranar kasuwa ta ari jakin maƙwabta, ta kama kazarta mai kwanci ta ɗaure mata ƙafa, ta tafi. Bayan azahar ta komo, ƙafafunta sun kumbura, da ƙullin takarda a bakin zanenta. Na tare ta a tsakar gida na durƙusa. Tun da anka kawo ni gidan ban taɓa tsayar da ita da magana ba.

“Inna, don Allah don Annabi kada ki ba shi. Wanga magani shi ne ciwon.”

Ta tsaya tana dubana, ba da fushi ba.

“Ɗiyar nan, da idona nig gani. Bai sha ba ya kwanta, in ya sha ya tashi. Wane irin ciwo na ka tada mutum tsaye?”

Na ce ba ya ci, ba ya barci, yana ƙarewa. Ta ce yarinta ke damuna, ina son miji a ɗaki kusa da ni, ita kuwa ba ta haifi na kwance ba, in gero ya mutu mi za mu ba yaran. Ta wuce ni. Ta ɗebo ruwa a ludayi, ta tallafo kansa kamar jariri, ta yi bisimilla ta sa masa a baki. Kafin la'asar ina jin ƙarar dutse, yana wasa hauya a zaure. Inna ta fito ta dube ni da tausayi. Abin da ta gani da idonta gaskiya ne. Uwa ce, ta hau jaki da ciwon gwiwa don ta ceci ɗanta.

Ranar gayyar maigari ina cikin matan da sunka kai abinci. Daga inda muke ƙarƙashin wata kirya ina hango shi. Na ga hannunsa na zuwa naɗin hularsa yana komawa baki, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Makaɗa na bayansa. Ya fita ƙarshen kuyyarsa ya bar kowa, anka yi guɗa. Sai bai tsaya ba. Ya tsallake iyaka ya faɗa gonar da ke gaba, yana sara, ciyawa da gero duk ɗaya, dogayen karare na zubewa bayansa. Makaɗan sunka bi shi 'yan taku, sun zaci wasa ne na gwaninta. Sannan babbansu ya dafe ganga da tafin hannu. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar hauyarsa kaɗai.

Da ƙyar maza sunka riƙe shi. Yana ta cewa akwai mutane ɓoye cikin geron, suna kiran sunansa, a bar shi ya fito da su. Haka anka kawo shi gida, ni ina biye da ƙwaryar fura a kai, ban ma san ban sauke ta ba.

Gari ya ce iskoki ne. Kawunsa na Sanyinna ya zo ya ɗauke shi ya kai shi asibiti Tambuwal. Da sunka komo, kawu ya zauna a ƙofar ɗakin Inna ya ce malamin asibiti ya tambayi abin da yake sha, da anka nuna masa ya ce wannan ne, in ba a raba shi da shi ba, ba abin da allura za ta yi. Ina daga madafa ina ji. Tun ranar Inna ba ta ƙara tsayawa kan tukunyata ba, ba ta kuma ƙara haɗa ido da ni sosai ba. In zan fita nemansa, kafin in yi magana ta miƙo hannu ta karɓi yaron. Mu biyu muna gida ɗaya da ciwo ɗaya, amma ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba. Wani lokaci ina jin tana jan carbi a ɗakinta, ni ina nawa ɗakin, katanga ce kawai tsakaninmu.

Ya bar shan ƙwayar bayan asibiti. Ya yi rani guda lafiya lau, har ya yi wa 'yarmu 'yar hauya ta wasa. Da hadarin farko ya haɗo, ƙasa ta yi ƙamshi, na ga ya tsaya a ƙofar zaure yana kallon masu wucewa gona, yana murza yatsu. Ran kasuwa ya ce zai je sayen iri. Da ya komo ban tambaye shi ba, muƙamuƙinsa ya faɗa mini.

Yanzu ba mai aiko masa da goron gayya. Waɗanda ke kiransa su ne masu son a nome musu gona da arha. Sun san in sun ba shi ƙwaya zai yi musu aikin mutum da yawa, ba zai ko nemi abinci ba. Wasunsu da shi sunka yi wasan ƙasa. In na gan su a hanya sukan gaishe ni, in amsa.

Babana ya aiko a ɗauke ni. Na tafi da yaran na yi 'yan kwanaki a Sanyinna. Uwata ta yi mini gyaran kai, ta dafa mini abin da nake so, ta ce in zauna, ba wanda zai zarge ni. Amma ko loma na kai baki sai in ce, ko wa ya ajiye masa ruwa yau? Na komo. Ban san ko daidai na yi ba, har yanzu ina tambayar kaina, musamman in na ga 'yata ta ɓuya bayan rumbu don ta ji muryarsa ta yi sama.

Na dai koyi zama da abin. Na daina zubarwa, don in na zubar nisa yake ƙarawa wurin nema. Ina share ɗaki da tsintsiya mai laushi kafin in ajiye yaro a ƙasa. Na san kwanakin tashi, na san kwanakin faɗuwa. A kwanakin tashi ba na jayayya da shi, ko ya ce rana daga yamma ta fito, kunu nake damawa mai ruwa-ruwa in ajiye inda zai yi tuntuɓe da shi, wani lokaci ya kurɓa bai sani ba. A kwanakin faɗuwa nawa ne. Yakan ci, ya bar yaran su hau bayansa, ya ce mini in yi haƙuri, wannan ne na ƙarshe. Ba na cewa ƙarya yake, don a lokacin da yake faɗa har zuciyarsa yake nufi. A rijiya mata sun daina yi mini ba'a, in na iso sai hira ta koma ta tsadar gishiri. Na fi son ba'ar. Ƙawata Bafulatana kuwa bara ba su sauka a nan ba, an ce sun yi wajen gulbi.

Da ɗan karatun yaƙi da jahilci da na samu nake rubuta wannan, don abu ɗaya. Ya fara tafiya mai nisa, wani lokaci ya manta hanyar gida. In kun bi hanyar Fakku zuwa Kebbe kunka gamu da wani dogon mutum ramamme, da hauya a kafaɗa ko da rani ne, yana magana shi kaɗai, ba ya duka, ba ya sata. Don Allah kada ku ba shi aiki, ko ya roƙe ku. Ku ba shi ruwa, ku ce masa ana nemansa a gida. In kuna da hali, ku taka masa har ya hango gari.